Makamashi mai tsabta: ceton duniya ake yi, ko so ake a hana mu cin arziƙin fetur ɗinmu?

Duk ƙarshen shekara da zarar an ce shugabanni sun tafi taron sauyin yanayi, muhawara ɗaya ce ke tashi a majalisu da soshiyal midiya. Wasu su ce yawon karɓar alawus ne kawai. Wasu su ce makircin Turawa ne, sun shafe kusan shekara ɗari biyu suna ƙona kwal da fetur har suka yi arziƙi, yanzu da muke son mu mori namu sai a ce mana a bar shi a ƙarƙashin ƙasa. Wasu kuma su ce mu da ko wutar NEPA ta awa shida ba ma samu a rana, ina ruwanmu da wani hayaƙi da ke can sama? To wai shin mene ne gaskiyar lamarin, wa ke biyan kuɗin wannan sauyi, kuma me zai iso ga mai shago a Kantin Kwari ko manomin rani a Kadawa? Ni dai a ganina masu kukan rashin adalci suna da gaskiya a tarihi, amma inda suke kai maganar daga ƙarshe nan ne nake jin tsoro, zan kuma faɗi dalili.

Me ake nufi da makamashi mai tsabta?

A sauƙaƙe, duk lokacin da aka ƙona kwal ko fetur ko dizal ko gas, akwai iskar kabon da ke fita, ba ta da launi ba ta da wari, ta hau sama ta zauna shekaru aru-aru. Aikinta kamar gilashin mota ne da aka rufe a tsakiyar ranar Afrilu, zafi ya shiga amma ya kasa fita. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane miliyan ɗaya na iskar sararin samaniya kusan 280 ne kabon, yau ya haura 420. Shi ya sa hukumar kula da yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, zafin ya ɗara na wancan zamani da kusan digiri ɗaya da rabi. Mutum zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne, amma fa matsakaicin duk duniya ake nufi har da tekuna da ƙanƙarar ƙarshen duniya, kuma ko jikin ɗan Adam idan zafinsa ya ƙaru da haka ai sai a ce zazzaɓi ya kama shi.

Kusan kashi uku cikin huɗu na wannan hayaƙi daga harkar makamashi yake fitowa, wato wutar lantarki da sufuri da masana'antu da ɗumama gidaje a ƙasashen sanyi. Shi ya sa maganar ta tattara a kan makamashi. Mai tsabta kuwa shi ne wanda ake samu ba tare da ƙona komai ba: hasken rana, iska, ruwan madatsa irin su Kainji da Shiroro da Zungeru, da zafin ƙarƙashin ƙasa irin wanda Kenya ke haƙowa a Olkariya. Akwai guda biyu da ake ta ja-in-ja a kansu, nukiliya wanda ba ya fitar da kabon amma sharar sa na da haɗari, da kuma gas wanda hayaƙinsa kusan rabin na kwal ne a wajen samar da lantarki amma dai ƙonawa ake yi. Ku riƙe maganar gas ɗin nan, za mu dawo kanta don a nan rigimarmu take.

Na san akwai mai cewa ruwa da zafi ai na Allah ne. Haka ne, babu mai ja. Amma kowa ya ga yadda daji ke komawa fili idan aka sare itatuwansa, kuma babu wanda ya ce faɗin haka ya saɓa wa imani, sababi ne kawai, wannan ma haka yake.

Daga Riyo zuwa Faris, tarurrukan da ba sa ƙarewa

An faro ne a 1992 a birnin Riyo na Birazil, inda ƙasashe suka yarda cewa matsalar ta kowa ce amma nauyin ba ɗaya ba ne, wanda ya fi ɓatawa shi ya kamata ya fi gyarawa. A 1997 aka yi yarjejeniyar Kiyoto a Japan wadda ta ɗora wa ƙasashe masu arziƙi kaɗai dole su rage hayaƙi, Amurka ta ƙi tabbatar da ita, Chaina kuma ba ta cikin waɗanda aka ɗora wa, sai abin ya zama kamar an ɗaure akuya an bar shanu a gona.

A Disambar 2015 aka canza salo a Faris babban birnin Faransa. Kusan duk ƙasashen duniya suka amince a riƙe ƙarin zafin ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙari ma kada ya wuce 1.5, amma kowace ƙasa ita za ta rubuta alkawarinta da kanta ta riƙa sabunta shi duk shekara biyar. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne babu kotu babu tara, idan ƙasa ta karya alkawarinta ba abin da za a yi mata sai surutu. Don haka mai cewa an tilasta wa Najeriya ta bar fetur bai karanta abin da aka sa wa hannu ba. Alkawarin da Buhari ya yi a taron Gilasgo na Birtaniya a 2021 cewa nan da 2060 hayaƙin da muke fitarwa ba zai wuce wanda ake shanyewa ba, mu muka ɗaukar wa kanmu.

Kuma sai a taron Dubai na 2023, bayan kusan shekara talatin ana zama, aka iya rubuta a takarda cewa duniya za ta fara janyewa daga kwal da fetur da gas, tare da ninka makamashin da ake sabuntawa, irin na rana da iska, sau uku kafin 2030. Shugaban wannan taro ma, Sultan Al Jabir, shi ne shugaban kamfanin man Abu Dabi. Amurka kuwa shiga take tana fita: Trump ya fitar da ita a mulkinsa na farko, Biden ya mayar da ita a 2021, Trump ya dawo a Janairun 2025 ya sake sa hannu a fice. Ƙasar da ta fi kowa zuba hayaƙi a tarihi ke nan fa.

Abin da ya canza lissafi ba taro ba ne, farashi ne

Nan ne nake so a tsaya a yi tunani sosai. A shekarar 2000 Jamus ta kafa doka cewa duk wanda ya kafa sola ko injin iska za a sayi wutarsa da farashi mai gwaɓi na tsawon shekara ashirin. Jamusawa suka yi ta biya ta bil ɗin wutarsu, kasuwa ta buɗe, sai Chaina ta hango ta zuba kuɗin gwamnati a masana'antu ta fara buga fanel kamar ana buga bulo. Sakamakon shi ne daga 2010 zuwa 2020 kuɗin samar da wuta daga rana ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, batirin litiyom ma ya bi sahu. Yau sama da kashi 80 cikin 100 na harkar ƙera fanel ɗin duniya a hannun Chaina take, kuma ita ce dai ƙasar da ta fi kowa fitar da hayaƙi a yanzu, kusan kashi ɗaya cikin uku na duniya, tana gina tashoshin kwal tana kuma kafa sola fiye da sauran duniya a haɗe, duka a lokaci guda.

Ku dubi Pakistan. Babu wani babban shiri na gwamnati, wuta ce ta yi tsada kuma ba ta tsayawa, sai mutane suka yi ta sayo fanel daga Chaina, a 2024 kaɗai sun shigo da na kusan megawat dubu 17. Ku kwatanta da Najeriya da dukkan wutar da ake rabawa a layin ƙasa take yawo tsakanin megawat dubu huɗu zuwa dubu biyar. Mu ma ai mun ga irinsa, tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 kuma aka ƙara kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka ce ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, sai ga fanel a kan rufin masallatai da shagunan caji da kemis-kemis, manoman rani na ajiye injin ban-ruwa mai shan fetur suna neman mai sola. Lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace a Oktoban 2024 Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu, masu sola ne suka riƙa caja wa unguwa waya. Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ya sayi fanel don yarjejeniyar Faris, aljihunsa ya duba.

To wannan shi ne dalilin da ya sa na ce maganar makirci ba ta isa ta bayyana abin da ke faruwa ba. Ko an daina taro gobe, sola ba za ta koma tsadarta ta da ba.

Rigimar kuɗi, inda gizo ke saƙa

Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Ba'amurke ɗaya na fitar da kusan tan 14 na kabon a shekara, ɗan Najeriya bai kai ko tan ɗaya ba, ɗan Nijar ma ba a magana. Amma mu ne ke shan ambaliya irin ta 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, ga ta Maiduguri a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, ga ta Mokwa a Mayun 2025. Ba na cewa sauyin yanayi ne kaɗai ya jawo su, akwai sakacinmu na rashin gyaran madatsu da gini a kan hanyar ruwa, amma ruwan shekara da ke zuba cikin 'yan kwanaki kaɗan yana daga cikin abin da masana suka daɗe suna gargaɗi a kai.

A taron Kofanhagan na 2009 ƙasashe masu arziƙi suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ba su cika ba sai a 2022, ta lissafinsu su da kansu, kuma mafi yawan kuɗin gwamnatocin da aka bayar bashi ne ba kyauta ba. Wato maƙwabcinka ya sa wa dangarka wuta, sannan ya ranta maka kuɗin gyara da ruwa a kai. A Sharmul Shaikh na Masar a 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, da aka zo zuba kuɗi a Dubai alkawuran farko ba su wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba, alhali ambaliyar Pakistan ta 2022 kaɗai an ƙiyasta asararta da kusan dala biliyan 30. A Baku ta Azarbaijan a 2024 ƙasashe masu tasowa suka nemi sama da tiriliyan ɗaya a shekara, aka tashi da biliyan 300 kafin 2035, wakilan Indiya da Najeriya suka miƙe a zauren suka nuna ba su gamsu ba.

Amma abin da ya fi ci min rai ba ma ƙarancin kyautar ba ne, kuɗin ruwa ne. Janareta arha ne a saye, tsada a riƙe, kullum sai ka zuba mai. Sola akasin haka take, ka biya kusan komai ranar farko sannan ka sha wuta shekara ashirin ko fiye. Ke nan duk wanda zai kafa babbar tashar sola da bashi zai kafa ta, kuma farashin wutar ya dogara ne a kan ruwan da banki ya ɗora. Hukumar makamashi ta duniya ta ce kuɗin ruwan irin waɗannan ayyuka a Afirka yakan ninka na ƙasashe masu arziƙi sau biyu zuwa uku. Shi ya sa Jamus da rana ke wasan ɓuya da ita ta fi duk Afirka sola, duk da cewa kusan kashi 60 cikin 100 na wuraren da suka fi dacewa da sola a duniya a nahiyarmu suke, jarin makamashi mai tsabta da ke zuwa mana kuma bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 ba. Rana muna da ita har ta yi yawa, bashi mai sauƙi ne babu. Wani ɓangare na laifin namu ne kuma, mai zuba jari na tsoron faɗuwar naira da kamfanonin raba wuta da ba sa iya biyan bashinsu, da ayyuka irin tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina mai megawat 10 kacal da ta ci sama da shekara goma ana jan ƙafa.

Maganar gas: wa ke da gaskiya?

Matsayin Najeriya da Senigal da Mozambik da wasu shi ne a bar mu mu yi amfani da gas a matsayin gada kafin mu tsallaka, tsohon mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo ya sha nanata wannan. Hujjarsu mai ƙarfi ce, kusan mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, sama da miliyan 80 daga ciki 'yan Najeriya ne, kuma masana'antar siminti ko takin zamani ba ta tafiya da fanel ɗin kan rufi. A Gilasgo wasu ƙasashen Yamma suka yi alkawarin daina zuba kuɗin gwamnati a ayyukan fetur da gas na ƙasashen waje, amma da Rasha ta afka wa Yukiren a 2022 gas ya yanke musu, sai ga Jamus ta sake kunna tashoshin kwal, shugaban gwamnatinta na wancan lokaci Olaf Scholz ya je Senigal a 2022 ya zo Najeriya a 2023 ana maganar sayen gas. Idan gas ɗinmu halal ne a ɗumama gida a Balin, ban ga yadda zai zama haram a kunna masaƙa a Kano ba.

Ɗaya ɓangaren su ma ba shirme suke ba. Ƙananan tsibirai irin su Tubalu da Maldibs teku ce ke cinye musu ƙasa, su duk wani sabon rijiyar gas barazana ce ga rayuwarsu. Akwai kuma 'yan Afirka masu cewa an shafe sama da shekara sittin ana haƙo mai a yankin Neja Delta, ana ƙona gas a banza har yau, talaka bai ga wuta ba, to me zai sa a yarda wannan karon daban ne? Ni ina tare da a yi amfani da gas, amma gas ɗin da zai shiga bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya kunna masana'antu ya cika tukunyar girki, ba wanda za a loda a jirgin ruwa mu ci gaba da zama a duhu ba.

Me ake yi a Afirka yanzu?

Ba a zaune ake ba. Maroko na da tashar Nur a Warzazat mai megawat 580, Masar na da Binban kusa da Aswan, Kenya kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta daga zafin ƙasa da ruwa da iska take, Habasha ta ƙaddamar da babbar madatsarta ta kogin Nilu mai sama da megawat dubu biyar a Satumbar 2025, ta kuma hana shigo da ƙananan motocin fetur tun 2024. Nijar ta samu tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a 2023, daidai lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulki, ta rage wa Yamai raɗaɗi sosai. Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ƙaddamar da shirin kai wuta ga mutum miliyan 300 kafin 2030, aka yi taronsa a Darussalam a Janairun 2025, a Najeriya kuma akwai bashin dala miliyan 750 na ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka da na gidaje. Afirka ta Kudu an yi mata alkawarin dala biliyan 8.5 a 2021 don ta rage kwal, mafi yawa bashi, Amurka kuma ta janye nata kason a 2025.

Ta ina zai taɓa talaka?

Ta fuskar wuta alheri ne, musamman ƙauyen da ko an shekara hamsin ana jira turakun NEPA ba za su isa ba. Asibitin karkara ya samu firjin ajiye rigakafi, ungozoma ta daina karɓar haihuwa da tocilan. Matsalar ita ce kuɗin farko, wanda ke da hali ya sa sola da inbata ya huta, wanda ba shi da shi a bar shi da layin da ke ƙara tsada saboda masu biya da yawa sun gudu. Ga jabun fanel da batiran da ke mutuwa cikin wata shida sun cika kasuwa, ga tsofaffin batira da ake fasawa a bayan gari dalma na shiga ƙasa da jinin yara, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 bai kamata mu yi wasa da wannan ba.

Sai girki, wanda maza masu zuwa taro ba su cika tunawa da shi ba. Kusan mutum huɗu cikin biyar a Afirka kudu da Sahara da itace ko gawayi suke girki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce hayaƙin cikin gida na kashe kusan mutum miliyan uku a duniya duk shekara, mata da yara ne kan gaba. Duk lokacin da kilon gas ya tashi, ku duba yawan motocin gawayi da ke shigowa gari. Ga uwar da ke hura wuta a murhu idonta na hawaye, makamashi mai tsabta na nufin tukunyar gas da za ta iya cikawa, an tara alkawarin dala biliyan 2.2 don wannan a wani taro a Faris a 2024, amma kuɗi ne kaɗan idan aka duba girman matsalar.

Babban abin tsoron kuwa shi ne kasuwar fetur ɗin kanta. Mafi yawan dalar da Najeriya ke samu daga ɗanyen mai take, daga nan ake raba kason wata-wata da jihohinmu ke biyan albashi da shi. A Chaina kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu amfani da caji ne, a Nowe kusan tara cikin goma. Ba wanda zai zo ya rufe mana rijiya, masu saye ne za su riƙa raguwa a hankali farashi na sauka, kuma jihar da ba ta iya tara harajin da zai biya ma'aikatanta na wata uku ita za ta fara ji. Mun tsaya muna gardamar ko makirci ne, Saudiyya da ta fi mu mai nesa ba kusa ba tana ta kafa sola tana neman wasu hanyoyin shiga.

Ga kuma ma'adinai. Batir na buƙatar litiyom da kobal, kusan kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi, a wasu ramukan har da ƙananan yara. Mu ma an gano litiyom a Nasarawa da Kaduna da Kwara da wasu wurare, samari na ta shiga rami suna sayar da dutsen a buhu. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen litiyom tun Disambar 2022 don a tilasta sarrafa shi a gida, a Nasarawa ma an buɗe masana'antar tace shi a 2024, amma tacewa daban, ƙera batir daban. Dutsen da aka ɗauka daga wajenmu kan farashin buhu, shi ne yake dawowa cikin batirin da mai shagon caji ke tara kuɗin wata shida kafin ya saya.